Yadda Injin Barci Ya So Raba Ni da Hancina

A unguwarmu ta cikin birnin Daura ba da gidan mai unguwa ake kwatance ba, da gidana ake yi. In baƙo ya tambayi hanya sai a ce masa, "Bi lungun nan, inda ka ji kamar ana niƙan gero alhali babu injin niƙa, to gidan mai turare ne, ka yi dama." Minsharina ke nan. Maƙwabcina na bayan gida ya taɓa rantsewa wai kajinsa sun daina ƙwai saboda ni. Da aka kawo Shari'a ma shi ya fara yi mini barazana, wai zai kai ni gaban alƙali a duba ko akwai hukuncin wanda ke hana Musulmi barci. Na ce ya je, amma ya tanadi shaidu adalai, domin ni dai ban taɓa jin wannan minsharin da kunnena ba.

Turare nake sayarwa, sana'ar da na gada wurin mahaifina, a 'yar rumfa cikin kasuwa. Mu ba mu da ma'auni, ba mu da takarda, hanci ne ma'auninmu. Da sassafe nake haɗi, kafin in sa ko shayi a bakina. In ɗiga a bayan hannu, in bar shi ya sha iska, in sunsuna, in ƙara wancan, in rage wannan. Haka na ga tsohona na yi, haka nake yi. Tun da Shari'a ta zo kuma sai aiki ya ƙaru, don saurayi zai zo da kwalbar da aka kawo masa tsaraba ya ce, "Baba, duba mini, akwai giya a ciki? Da shi nake son shiga masallaci." Sai in buɗe, in kai hanci sau ɗaya, in yanke hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Turaren wuta kuwa tare da uwargidana muke yi. Ni ke haɗa ruwan turaren, ita ke soya itacen sandal da kajiji da farcen turare a cikin narkakken sukari, har ya kama jikinsa ya yi ƙyalli. Matan Daura da yawa sun san ɗakin amarya da wannan ƙamshin.

To wannan hancin, da shi nake ci, da shi nake ciyarwa, shi na so rasawa.

Uwargida ce ta fara tayar da maganar. Wata safiya ta ajiye mini koko ta zauna, abin da ba ta saba ba.

"Malam, ni fa ba minsharin ne ke ba ni tsoro ba. Na saba, ko a kasuwa zan iya barci yanzu. Shirun ne."

"Wane shiru? Ai shirun kuke nema ke da mai kaji."

"Sai ka yi ta ja, ka yi ta ja, sai ɗif. Ƙirjinka na motsi amma babu numfashi. In yi ta salati, in kai hannu zan taɓa ka, sai ka yi wata irin shaƙuwa kamar ragon layya ka ci gaba."

Na mai da abin wasa, kamar yadda nake mai da komai. Amma da rana ni kaina na san akwai magana. Ina cikin ba mai saye canji sai in yi gyangyaɗi. In zauna tahiya in kusa kwana a nan. Abin da ya rufe bakina shi ne ranar da nake dawowa daga Mashi a kan babur, rana tsaka, na rufe ido a kan titi na buɗe a cikin gonar wani bawan Allah, ni can, babur can, kwalaben turare sun fashe. Ina jin har yau geron wannan gonar ƙamshin miski yake yi.

Ƙanena da ke aiki a Kano shi ya zo ya tasa ni gaba zuwa asibiti. Suka liƙa mini wayoyi tun daga ka har ƙirji, suka ce in yi barci. Na ce wannan aikin na iya. Da safe likita, wani matashi mai fara'a, ya ce maƙogwarona ne ke rufewa in na yi barci, jiki ya yi ta kokawa yana neman iska, shi ya sa nake wayar gari kamar wanda ya kwana yana dakan ƙasa. Ya ce in aka bar shi haka zuciya ce za ta biya bashin. Magani kuma ba ƙwaya ba ce, inji ne.

Injin bai fi ƙaramin rediyo ba. Yana da tiyo dogo kamar hancin giwa, a ƙarshensa da takunkumin roba da ake ɗaurawa a hanci. Yana zuƙar iskar ɗaki ta wata 'yar taga mai soso a bayansa, ya turo ta cikin tiyo har maƙogwaro, don kada ya rufe. A gefe da wani ɗan kofi da ake zuba wa ruwa, don iskar ta yi laima. Ƙanena ya haɗa mini da batir da faifan sola, tunda wutarmu baƙuwa ce, sai ta ga dama take kawo ziyara.

Makon farko, jama'a, na yi barcin da rabona da irinsa tun ina bayan tsohuwata. Na tashi ido garau. Na ga ashe akwai bishiyoyi a hanyar kasuwa. Mai kaji ya tare ni a masallaci ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa? Jiya har na aika a duba ko mutuwa aka yi." Komai ya yi daidai sai abu guda: takunkumin warin roba yake yi. Ga wani mutum wannan ba komai ba ne. Ga mai turare kuwa zagi ne. Kullum da safe sai na yi wa uwargida wa'azi a kai.

"Hajiya, jiya a cikin tayar mota na kwana."

Washegari: "Hajiya, na yi mafarki na zama mai faci a bakin tasha."

Wata rana: "In na mutu a haka, ki faɗa wa masu wanka su ƙara kafur, don mala'iku za su zaci silifa aka kawo musu."

Ita dai ba ta cewa komai sai "Allah ya sawwaƙe." Ni kuwa in yi dariyata in tafi kasuwa, in maimaita wa mutanen rumfa. Bayan ɗan lokaci sai warin ya ɓace. Na sa takunkumi na ji wasai. Na ce mata, "Kin ga hancin gado? Ya horar da roba." Ta yi murmushi ta kau da kai.

Daga nan fa aka fara.

Da fari ƙaiƙayi ne can ciki, inda yatsa ba ya kaiwa. Sai atishawa. Ba irin atishawar mutane ba, wadda za a yi guda a ce alhamdu lillahi a amsa maka. Tawa jerin gwano take zuwa, har masu yi mini addu'a a sahu su gaji su bar ni da Ubangijina. Sai hancin ya toshe, gefe ɗaya yau, gefe ɗaya gobe, jibi duka biyun. Wata rana ya bushe ƙayau kamar tsohuwar fata har ya yi haɓo, wata rana ya ɓalle da zuba, da ana tarawa da Daura ta samu rijiya ta biyu da baƙi za su riƙa zuwa kallo. Goshina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa. In na yi sujada sai in ji kamar fuskata za ta zube a kan tabarma. Abin da ya taɓa hanci kuwa ido ruwa yake yi, don haka na koma yawo da jajayen idanu, mutane na yi mini gaisuwar rashi.

Ba na iya zama wuri ɗaya. In zauna a rumfa, in tashi, in leƙa rumfar maƙwabci, in dawo, in fyace, in buɗe kwalba in kai hanci, in ji kamar ruwan randa na sunsuna. In rufe, in sake buɗewa. In ɗauko kwalbar da ta fi kowace ƙarfi, wadda a da in na buɗe ta a nan sai masu kifi na can ƙarshen kasuwa su ɗaga kai, in manna ta a hanci. Shiru. Sai in ji gumi ya karyo mini, alhali ba zafin bazara ba ne.

A majalisarmu ta bayan la'asar kowa ya zama likita. Wannan ya ce sirace da tazargade, na yi, na lulluɓa da bargo a kan tukunya har na kusa dahuwa. Wancan ya ce man habbatus sauda a ɗiga a hanci, na ɗiga, na ga taurari da rana. Wani dattijo ya miƙo mini wani gari a ƙullin takarda ya ce in shaƙa, na shaƙa, na yi atishawar da ta kori awakin unguwa. Wanda ya fi kowa jin daɗin halin da nake ciki taubashina ne, ɗan kawuna, mahauci, wanda tun muna yara nake ce masa ya tsaya ta inda iska ba za ta biyo da shi ba.

"Allah mai sakayya," in ji shi. "Shekara da shekaru kana cewa ina ƙarni. Yau matso ka sunsuna."

"Tafi can, bawana. Ko babu hanci ina ganin ƙudajen da ke rakiyarka."

"Ka sayar mini da rumfar tun da sauran daraja. In zuba kayan ciki. Kai kuma in ɗauke ka aikin wankin tumbi, tunda yanzu kai kaɗai ne a garin nan za ka yi shi ba ka yamutsa fuska ba."

Kowa ya yi dariya, har da ni, don ba a san ni da fushi ba. Amma na tafi gida maganar na cina.

Abin da nake tsoro ya zo ta hannun wata Hajiya daga Mai'adua, tsohuwar mai sayayya tun zamanin mahaifina. Za ta aurar da jikarta, ta aiko a haɗa mata humra irin wadda aka saba. Na haɗa da ka, ina tuna yadda hannuna ya saba ɗigawa, tunda hanci ya tafi hutu. Ba a jima ba sai ga ta da kanta, ta sauko daga mota da kwalbar a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Ɗana, wannan kai ka haɗa ko aikawa ka yi?"

"Ni ne, Hajiya."

"To ba na gidanku ba ne. Mahaifinka ko yana zazzaɓi bai taɓa ba ni irin wannan ba. Ajiye shi. Da sauran lokaci kafin biki, in ka warke ka gyara. In ba ka warke ba ka faɗa mini gaskiya in nemi wani."

Ta tafi ta bar ni da kwalba. Na buɗe, na sunsuna, ban ma san me ya lalace ba. Ranar na koma gida na naɗe tiyo, na tura inji ƙarƙashin gado, na ce da uwargida na sake shi saki uku.

"Malam, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Wannan abin barci ya ba ni ya karɓe tuwona. Mutum ya yi barci ya tashi ya ci me?"

Kwana kaɗan da barin inji hanci ya fara sassautawa, har na ji ɗan ƙaurin albasa daga nesa, na yi murna. Amma tsohon abokina minshari ya dawo da ƙarfinsa. Mai kaji ya daina gaishe ni. Ranar Juma'a liman na tsakiyar huɗuba a kan amana, sai aka ji an tayar da injin niƙa a sahu na uku, sai da na kusa da ni ya zungure ni da gwiwar hannu. Babur kuwa na daina hawa, na koma tafiya ƙasa ina layi kamar wanda Shari'a ba ta iso wa ba. Abin da ya fi damuna idanun uwargida ne da safe, sun kumbura, don ta koma gadin numfashina.

"Jiya sau nawa na tashe ka, ka sani?" in ji ta.

"Ban ƙirga ba."

"Ni ma na daina ƙirgawa. Malam, hanci ana rayuwa babu shi. Ni ba na son takaba."

Gaba kura, baya siyaki. Na ɗauki waya na kira likitan nan na Kano, na karanta masa duka, da ƙari. Ya saurara har na gama, sannan ya fara tambaya. Ina zuba ruwa a kofin? Na ce in na tuna. Ya ce in riƙa tunawa, kuma ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce in ban samu na asibiti ba. Ana wanke takunkumi da tiyo? Na ce wannan kam kada ya damu, uwargida na kula da injin fiye da yadda ta kula da autanmu. Ina shan taba? Na ce a'uzu billahi. Akwai hayaƙi a ɗakin, ko murhu kusa da taga? Na ce babu, madafa can ƙarshen gida take. Kuma da gaskiyata na faɗa. Ya ce to in koma kan inji ba fashi, in riƙa wanke hanci da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, in bai yi sauƙi ba in zo ya gani.

Bahaushe ya ce hanci bai san daɗin gishiri ba. Nawa ya sani yanzu. Da ma shaƙa ruwa ba baƙon abu ba ne ga mai alwala, sai dai wannan ana tura shi ta ƙofa ɗaya ya fito ta ɗaya, kana tsaye a bakin rariya kana kuka kamar ɗan da aka yaye. Ya taimaka, ba zan ci amanarsa ba. Nauyin goshi ya ragu. Amma da na mai da inji, ƙaiƙayi da atishawa suka dawo kamar an yi musu gayya, ƙamshi kuma ya sake guduwa. Ga bikin Mai'adua na matsowa. Kwalbar Hajiya na kan kanta tana kallona, ni ma ina kallonta.

Wata rana wani saurayi ya kawo kwalba a duba masa ko akwai giya. Na karɓa, na kai hanci, na tsaya. Ban ji komai ba. Na ga in na ce babu, na yi shaidar zur, in na ce akwai, na yi shaidar zur. Na mayar masa na ce ya dawo wani lokaci. Ana idar da la'asar ban ko bi ta majalisa ba, na rufe rumfa na nufi gida, lokacin da ban taɓa komawa ba tun da na yi aure.

Na yi sallama a zaure ba a amsa ba. Na wuce ɗakina, na ɗaga labule, hayaƙi ya tare ni har na ja baya. Tagogi a rufe. A tsakar ɗaki ga kasko da garwashi, an kifa masa kabbasa, kwandon nan da mata ke shanya tufafi a kai su sha turare. A kan kabbasa ga rigata ta gobe, ga hulata, ga rigar matashi. A samansu kuma, an naɗe shi tsaf kamar rawanin sarki, ga tiyon injina. Takunkumin an kifa shi daidai inda hayaƙi ya fi tashi. Uwargida na durƙushe, ta kama bakin tiyo ta saita shi a kan kasko, tana fifita da mafici don hayaƙin ya ratsa ya fito ta ɗaya bakin. Shi kansa injin an juyo bayansa, 'yar tagar da yake shan iska tana fuskantar wuta, kada a bar shi a baya.

"Hajiya! Me nake gani?"

Ta firgita, mafici ya faɗi. "Malam, lafiya ka dawo yanzu?"

"Me kike yi wa injin?"

"Turara shi nake yi mana."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka ce a cikin tayar mota kake kwana."

Na nemi bakin gado na zauna. Na karɓi tiyon na ɗaga shi wajen haske. Cikinsa, da na san shi fari tas, ya koma ruwan ƙasa. Na zura ɗan yatsa, ya fito da danƙo kamar na taɓa maɗi. Na ciro soson bayan inji, ya yi baƙi ya daskare. Sukarin nan da take soya turare da shi, da man da ni da hannuna nake haɗawa, su ne suka kwanta a ciki, inji kuma ya kwana yana ɗura mini su har ƙwaƙwalwa. Ni kuma ban ji ba, don rigata wannan ƙamshin take yi, gemuna shi yake yi, bangon ɗakin ma shi yake yi. Mai turare ba ya jin ƙamshin gidansa. Da likita ya ce hayaƙi, murhu da taba da salansar babur na tuna. Wa zai kira turaren wuta hayaƙi a gidan da da shi ake cin abinci?

Dariya ta taso mini, na dubi fuskarta sai na haɗiye. Ta riga ta gane. Ta zauna a ƙasa ta haɗa tagumi.

"Ashe ni ce," in ji ta.

"A'a, Hajiya..."

"Ni ce mana. Tun da aka kawo ni gidan nan babu abin da ya taɓa jikinka ban turara ba. Riga, hula, rawani, har dardumar sallarka. Haka tsohuwata ta koya mini. To abin da zai kwana a kan fuskarka ne zan bari yana wari, kana fita kasuwa kana ba da labari? A ce matar mai turare?"

Nan na gane ashe wasan da nake yi a rumfa yana dawowa gida ta bakin matan maƙwabta.

"Baki shi ke yanka wuya," na ce. "Nawa hanci ya yanka. Ke gyaran gira kika zo yi. Da na yi shiru da warin robata da yanzu ina nan lafiya."

"Kai? Shiru?" Ta share ido da gefen mayafi. "Ko a barci ba ka iya ba, sai da aka sayo maka inji."

Da na ji haka na san an shirya.

Na sake kiran likita na faɗa masa. Na ji yana ƙoƙarin danne dariya. Ya ce a watsar da tiyon da soson, takunkumi a wanke da sabulu marar ƙamshi a shanya a inuwa, kada turare ko man shafawa ya sake kusantarsu, ruwan gishiri kuma in ci gaba. Ƙanena ya aiko da sababbi a motar haya. Sauran aiki shi ne sulhu tsakanin inji da kasko, don uwargida ta ce ɗakin mijinta ba zai kwana babu turare ba ko likitocin duniya za su taru. Aka tsaya a kan cewa da safe za a ɗauke inji da kayansa a kai ɗakinta a rufe a akwati, ta yi turarenta yadda take so, a buɗe tagogi tun azahar, inji ya dawo bayan isha'i. Har jaka ta ɗinka masa mai zariya. Kullum haka ake ɗaukarsa ana mayarwa kamar ɗan goyo.

Ba dare ɗaya hancin ya dawo ba, kuma na fi kowa rashin haƙuri. Kowace safiya kafin shayi in ɗiga a bayan hannu, in sunsuna, in ji ɗan alama kamar ana kirana daga wani gari. In zaga gida ina sunsunar komai, daddawa, sabulu, kan akuya. Atishawa ta ragu zuwa irin ta mutane. Har yau in na yi sakaci da kofin ruwa ko na bar gishiri kwana biyu, hancin kan tuna mini da safe, amma wannan rigimar cikin gida ce.

Wata safiya ina buɗe rumfa, ina sunkuye a kan kwaɗo, na ji wani abu ya doki hancina daga baya. Ƙarni, da kitse, da hayaƙin tukuba. Ban juya ba na ce, "Bawana, na ce ka riƙa tsayawa ta inda iska ba za ta biyo da kai ba."

"La ilaha illallahu," in ji taubashina. "Ya dawo? Shi ke nan, na rasa mai wankin tumbi."

Ban taɓa jin daɗin warin mutum irin na ranar ba, saura kaɗan in rungume shi. Na shiga na ɗauko kwalbar Hajiyar Mai'adua, na ɗiga, na jira, na kai hanci. Kai! Farce ne ya yi yawa, ya danne sandal, ya bar wani ƙauri a ƙarshe kamar an ƙona gashi. Wannan na aika wa amarya? Na zauna na gyara a hankali, ɗigo, jira, sunsuna, har ya koma na gidanmu. Da na aika, sai direbanta ya dawo da saƙon a ƙara kwalba biyu.

Sabon takunkumin da ƙanena ya aiko daga baya, in faɗi gaskiya, ya fi na farko warin roba. Yanzu da hancin ya warke ina jin sa sarai, tun daga ɗaurawa har barci ya ɗauke ni. Washegarin ranar da na fara sa shi uwargida ta ajiye mini koko, ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu.

"Malam, yaya tayar mota?"

Maganganu sun fi goma a bakina, kowace ta fi 'yar'uwarta daɗi. Na dubi kaskon da ke hannunta na hagu, garwashi na ja a ciki.

"Miski ne, Hajiya," na ce. "Miski zalla."